Kifi da Lambu a Ruwa Ɗaya: Shawara ga Mai Son Farawa

Mutanen Wurno, Rabah da Goronyo sun san noman rani ciki da bai. Albasa da tafarnuwar fadamar Rima sun isa shaida. Sai dai ba kowa ke da gona kusa da madatsar Goronyo ba. To, a tsakar gidanka ma kana iya haɗa kiwon kifi da lambu.

Ga yadda abin yake. Kashin kifi na haifar da sinadarin amoniya, wanda ke kashe su idan ya taru. Sai famfo ya tura ruwan tankin kifin cikin baho mai cike da tsakuwa, inda aka shuka ganye. Ƙananan ƙwayoyin halitta da ke manne da tsakuwar su mai da dattin taki, saiwar ganye ta zuƙe, ruwa ya koma wa kifi tas.

Fara da tankin roba mai lita 1000 da tarwaɗa kamar 20, don tana jure wahala. Wanke tsakuwar sarai. Ƙwayoyin nan sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, saboda haka ka taƙaita abinci da farko. Shuka latas da alayyahu. Tumatir sai daga baya.

Ajiye tankin a inuwa saboda zafin Afrilu, ka haɗa famfon da sola da batir. Idan kifi suka ƙi cin abinci, ko ruwa ya fara wari, canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Maganin ƙwari kuwa, kada ya kusanci ruwan.

Fara da kaɗan, ɗan'uwa. Sannu ba ta hana zuwa.