Darasi Kan Kunne: Ji Da Daidaiton Jiki

Kunne kashi 3 ne: na waje, na tsakiya da na ciki. Na waje yana tattaro sauti ya kai shi dodon kunne, sai dodon ya girgiza. Ƙasusuwa 3 na tsakiya su ƙara wa girgizar ƙarfi. Ɗayansu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, kusan milimita 3. Can ciki kuma akwai gurbi mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa da ƙwayoyi masu gashi-gashi, su ke miƙa saƙo ga ƙwaƙwalwa.

Dab da shi akwai bututu 3 masu lanƙwasa. Ruwan cikinsu ke sanar da ƙwaƙwalwa motsin kai. Shi ya sa yaro in ya yi hajijiya ya tsaya, jiri ke ɗibarsa, don ruwan bai daina juyawa ba.

To, a kula: ƙwayoyin nan in ƙara ta kashe su, ba sa dawowa. Mu rage ƙarar iyafis da lasifika, mu daina sosa kunne da tsinke ko ashana. Allah Ya kare mana jinmu.