Ranar da Kurawa Ta Koma Burkina Faso

Aikin kammala difilomata a sashen safiyo shi ne zana taswirar rijiyoyi da gonakin fadamar garinmu, Kurawa. Da hutu na yi kwana uku ina bin kunyoyi da na'urar GPS, kawuna yana gaba yana nuna mini iyaka. Da na dawo Sakkwato na zuba lambobin a QGIS, wallahi sai ga rijiyar ƙofar gidanmu a Burkina Faso.

Ga abin da ya faru, don 'yan ajin farko su kiyaye. Tsarin UTM ya yanka duniya shiyya 60, kowace faɗinta digiri 6. Birnin Sakkwato yana shiyya ta 31, amma Sabon Birni da Isa sun tsallake layin digiri 6 na gabas, suna ta 32. Na'urar ta ɗauki awo da 32, ni kuma na ce wa kwamfuta 31, don ita muka saba da ita a makaranta. Lamba ɗaya ta jefa ni yamma sama da kilomita 600. Wannan ma da sauƙi, ido na gani. Wanda ya fi haɗari shi ne ma'aunin tushe: wayoyinmu da WGS84 suke aiki, tsofaffin takardun safiyon Najeriya kuwa da ma'aunin Minna aka yi su. Ka gauraya su, iyaka ta gusa da gomman mitoci ba ka sani ba. A fadama wannan gonar mutum ce sukutum, kuma kun san yadda rigimar gona take ƙarewa.

Abokai na yawan tambayata, wai ina aikin yake? Akwai. Abuja na da AGIS, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS, takardun filaye suna komawa kwamfuta. NASRDA ta harba NigeriaSat-1 tun 2003. Amma abin da ya fi burge ni shi ne yaƙi da shan inna: da aka zana ƙauyukan Arewa daga hoton tauraron ɗan Adam, aka ba masu rigakafi wayoyi masu bin sawu, sai ga rugage da tungaye da ba su cikin lissafin kowa. A 2020 aka tabbatar ƙwayar cutar ta daji ta bar Najeriya.

Sai dai tauraro rufin ɗaki kawai yake gani. Bai san sunan tunga ba, bai san wadda mutanenta suka yi hijira saboda 'yan bindiga ba, balle mashigin da ke yankewa in gulbi ya kawo. Injiniyan Abuja ba zai zo ya tambaya ba a halin da ake ciki. Mu ne za mu je.

Na gyara shiyyar, Kurawa ta dawo gida. Bayan HND rajistar SURCON nake hari, in Allah ya so. Kafin nan ina saka tungayenmu a OpenStreetMap da daddare, in data ta samu.