DARASI A KAN SAYEN FILI DA HAYAR SHAGO

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, da yawanku kun fara kasuwanci, wani yana tara kuɗin fuloti, wani yana hayar shago. To, ku sani rigimar ƙasa ba ƙaramar fitina ba ce. Ta raba wa da ƙane, ta cinye jarin mutane a kotu. A Lahira kuwa abin ya fi muni, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ƙwaci ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙassai bakwai. Saboda haka ga mas'aloli biyar, a kiyaye su.

Mas'ala ta farko: me kake saye? A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya kare ta. Dokar ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mu a Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, dokar 1910 da ta 1962 haka suka tafi. Watau abin da kake saye haƙƙin zama ne da amfani, yawanci na shekara 99. A birni gwamna ke bayarwa, a karkara ƙaramar hukuma ma tana bayarwa. Kuma gwamna ba ya ba wanda bai kai shekara 21 ba, sai ta hannun waliyyi, ko in ta gado abin ya zo.

Mas'ala ta biyu: yardar gwamna. Sashe na 22 ya hana mai satifiket ya sayar ko ya jinginar sai da yardar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Kada ka ce ai magana ce ta takarda. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jingina sukutum saboda ba a nemi wannan yarda ba. In banki da lauyoyinsa sun yi asara, kai fa da 'yar takardar dillali?

Mas'ala ta uku: bincike kafin biya. Shari'a ta hana mutum ya sayar da abin da ba nasa ba, ta hana cinikin garari, watau wanda ba a san haƙiƙaninsa ba. To, je ka ofishin ƙasa, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a duba maka sunan wa ke kan fayil, ko akwai jingina, ko wurin hanya ce aka shata. Ka kawo safiyo ya auna iyaka. Ka tambayi mai unguwa da maƙwabta. Satifiket kaɗai bai isa ba, domin a 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, Kotun Ƙoli ta ce satifiket ba ya ba da mallaka ga wanda asali ba shi da haƙƙi a wurin. Sa'an nan ku rubuta ciniki, ku kafa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidun ciniki ta sauka. Wanda ya bar wannan ya tafi wajen boka a binne masa laya a kusurwar fili, ya taɓa imaninsa, kuma filin bai tsaru ba.

Mas'ala ta huɗu: gidan gado. In ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa, balle na mata da marayu. Ko rabonsa kaɗai ya sayar maka, sauran abokan tarayya suna da shufu'a, watau su mayar maka da kuɗinka su karɓi rabon. A mazhabar Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, kuma yana faɗuwa in mutum yana nan, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce. Haka kuma akwai hauzi: wanda yana gari yana kallo bare yana gini da rushewa a filinsa har shekara 10, bai yi magana ba, ba wani uzuri, alƙali ba zai saurari ƙararsa ba. Amma hauzi hukunci ne na zahiri. In ka san wurin ba naka ba ne, shekara 50 ma ba ta halatta maka shi.

Mas'ala ta biyar: haya. A rubuta kuɗi, da tsawon lokaci, da wanda gyara ke kansa. In ba a yi wani sharaɗi ba, dokokin yawancin jihohi sun ba ɗan hayar wata notis na wata ɗaya, ɗan hayar shekara na wata 6, bayansa na kwana 7, sa'an nan a tafi kotu. Mai gida, kada ka cire ƙofa ko ka kwaye kwano ko ka watso kayan mutum waje, ka zama kai ne mai laifi. Ɗan haya, kai ma ka ji tsoron Allah, kuɗin haya bashi ne a wuyanka, kuma kada ka saka wani a shagon sai da izini.

Daga ƙarshe, gwamna yana iya soke haƙƙin zama don amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti, kuma diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka da kuɗin ƙasar da ka biya a wannan shekara, ba farashin fili a kasuwa ba. Don haka adana rasit da takardun gini, ka biya kuɗin ƙasa a kan kari.

Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.