Fulugal a filin fareti: wa za ka ba, kuma zai dawo baɗi?

A Amurka akwai ƙungiyoyin matasa masu ganga da busa, irin abin da mu za mu kira badujala, sai dai su ba na soja ba ne, gasa suke yi a filayen ƙwallo. Hukumar da ke shirya babbar gasarsu, Drum Corps International, wadda aka fi sani da DCI, ta fara gasa a 1972, kuma tun 2009 ake yin karon ƙarshe a watan Agusta a filin Lucas Oil na birnin Indiyanafolis. Shawarar yau ta mai kula da masu busa ce a irin wannan ƙungiya, wanda ke tunanin shigo da ƙahon fulugal cikin sahunsa, yana kuma fargabar yaransa su watse bayan kaka. Ana ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli biyu. A ganina ɗaya ce, kuma a hannun wanda aka miƙa wa ƙahon take haɗuwa.

Mu fara da ƙahon kansa. Fulugal da tirampet muryarsu ɗaya, maɓallansu uku, yatsun da ke danna wannan su ke danna wancan. Bambancin yana cikin bututu. Na tirampet kusan kauri ɗaya yake tafiya sai dab da ƙarshe ya buɗe, shi kuwa na fulugal tun daga farko yake faɗaɗa a hankali har ya kai ga babban baki. Kan busarsa ma mai zurfi ne kamar mazurari. Shi ya sa sautinsa ke fita da taushi da kauri, babu kaifin nan na tirampet mai tsaga iska. A ɗaki abin daɗi ne. Wanda ya taɓa jin mai busa fulugal Chuck Mangione ya san abin da nake nufi, kuma ba banza ba ƙungiyar Blue Devils ta Kalifoniya ta ɗauki kiɗansa a 1976, shekarar da ta fara lashe gasar DCI.

To amma fili ba ɗaki ba ne. Manyan ƙungiyoyi kan fito da masu busa 70 zuwa 80, ga ganguna a gefe, ga alƙalai can sama a saman benen 'yan kallo. Idan ka sa fulugal huɗu cikin wannan rugugi lokacin da kowa ke busa da iyakar ƙarfinsa, ka yi asarar mutum huɗu, domin ba wanda zai ji su. Yaran kuma za su yi ta matsa wa ƙahon don a ji su, sautin ya tsage, daɗin da aka sayo shi dominsa ya gudu. Fulugal man shanu ne a kan tuwo: kaɗan ake zubawa, a inda ya dace.

Inda ya dace kuwa wuri uku ne. Na farko sashen kiɗa mai sanyi da kusan kowace ƙungiya ke sakawa a tsakiyar wasanta, inda ganguna ke lafawa. Na biyu busar mutum ɗaya, musamman yanzu da doka ta yarda a sa masa makirufo. Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne cike gurbin da ke tsakanin ƙananan muryoyin tirampet da melofon, ƙahon da ke riƙe muryar tsakiya. Idan mai tsara kiɗanka ya rubuta wa fulugal layinsa na kansa a tsakiyar murya, ba can sama inda yake wahalar kamawa ba, za ka ji sahun ya haɗe babu kafa. Idan kuwa kwafin layin tirampet kawai zai miƙa musu, ka bar kuɗinka a aljihu.

Doka ba ta hana ka komai a nan. A da, begilar da aka yarda da ita mai murya ɗaya ce tak ga kowa, sai a 2000 aka buɗe ƙofa, shi ya sa yau za ka iya sayen fulugal irin wanda ake sayarwa a kowane shagon kayan kiɗa. Amma ka saye su iri ɗaya, daga kamfani ɗaya. Fulugal ya yi ƙaurin suna wajen karkacewar murya, kuma kowane ƙira da inda yake karkata. Ka kula da kan busa ma: ƙafarsa ba girma ɗaya ba ce a duk kamfanoni, wanda bai zauna daidai ba zai sa yaro ya yi ta kokawa da murya yana zaton laifinsa ne. Kada ka bar kowa ya sa kan busa marar zurfi don neman sauƙi, domin abin da zai fito tirampet ne mai mura.

Sai batun musanya. Yawanci masu tirampet ne ke ajiye nasu su ɗauki fulugal na ɗan lokaci. Ƙahon da ya kwanta a rana muryarsa hawa take yi, wanda ya sha sanyin dare kuma sauka take yi. Ka sa mai tsara tafiya ya ba su isasshen lokacin isa wurin, su ɗauka, su hura iska a ciki kafin sautin farko. Kuma a yi atisayen musanyar tun watan Mayu, lokacin da aka tare a sansani, ba ana saura mako guda gasa ba. Riƙonsa ma daban ne, bakinsa na son kallon ƙasa, sai an koya wa hannu ɗaga shi.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. Akwai wata ɗabi'a da masu koyarwa ke faɗawa ba su ankara ba: yaron da bai iya hawa sama a tirampet ba, sai a ce ya koma fulugal. Yara ba wawaye ba ne. Cikin mako guda kowa ya gane cewa sahun fulugal wurin ajiye raunana ne, wanda aka tura can kuwa zai gama kakar da fara'a a fuska, amma ya riga ya yanke shawara a zuciya. Ga shi kuma kiɗan ya lalace, domin ƙahon da ya fi kowanne bukatar kunne mai kyau an damƙa shi ga wanda bai ƙware ba.

Ka juya lamarin. Ka sa a yi gwaji kafin a samu gurbin, ka fifita waɗanda suka yi bara suka dawo bana, ka zaɓi masu kunne da numfashi mai tsawo. Ka sanar tun wuri cewa akwai sashen da sahun nan kaɗai za a ji. Yaron da ke shekararsa ta farko yana kallo, yana cewa baɗi ni ne. Wannan buri shi ke dawo da mutum, ya fi duk wani jawabin da za ka yi musu a daren rabuwa.

Ka tuna lokacin da kake da shi gajere ne. Wanda ya cika shekara 22 kafin watan Yuni ya tsufa da gasar matasa, saboda haka wanda ya shigo yana da 18 kaka huɗu ko biyar kawai zai ba ka, in ka yi sa'a. Kuma tsakanin Agusta da Nuwamba, lokacin da ake buɗe gwajin shiga na sabuwar kaka, nan ake rasa mutane. Kada ka yi shiru a watannin nan. Kafin motoci su watse, ka zauna da kowane mai busa, ko na minti goma ne, ka gaya masa abin da ya gyara da matsayin da kake hango masa. A watan Satumba ka kira shi da kanka. Saƙon da aka tura wa mutum ɗari a tare ba kira ba ne.

Ka tambaye su abin da ya dame su, ka kuma saurara. Sau da yawa ba kiɗa ba ne. Abinci ne da bai isa ba, ko barci a daɓen zauren wasannin makaranta bayan tafiyar dare a bas, ko gwiwar da ta kumbura ba wanda ya duba, ko malamin da ke zagi da sunan horo. Irin wannan malami, komai iyawarsa, yana kore maka mutanen da ka sha wahalar koyarwa.

Kuɗi ma a faɗe shi a fili. Kuɗin shiga kakar babbar ƙungiya dubban daloli ne, yawancin yaran kuwa ɗalibai ne. A bar su su biya kaɗan-kaɗan tun daga hunturu, a rage wa wanda ya dawo, a nuna musu yadda ake neman tallafi wurin tsofaffin 'yan ƙungiya. Iyaye kuma suna da dalilin tambayar lafiyar asusunku. Sun ga ƙungiyar Santa Clara Vanguard ta zauna a gida a 2023 saboda matsin kuɗi, sun ga Cadets, wadda aka kafa a 1934 ta kuma lashe gasar DCI sau goma, ta rufe a 2024. Wanda zai zuba dukiyarsa yana so ya tabbata za a fita.

Wasu dai za su tafi ko me ka yi, musamman idan ƙungiyarka ƙarama ce, su kuwa suna mafarkin shiga cikin goma sha biyun da ke kai wa daren ƙarshe. Kada ka ɗaure musu fuska. Ka rubuta musu takardar shaida, ka taya su shirin gwajin. Ba duka ake ɗauka ba, kuma wanda aka sallama da mutunci ba ya jin kunyar dawowa a watan Janairu. Waɗanda shekaru suka fitar kuma, ka gayyaci biyu ko uku daga cikinsu sansanin Nuwamba su zauna da sababbin da ke gwajin fulugal, su nuna musu maɓallan da ke karkata da yadda ake gyara su da leɓe.