Awon Baƙi Da Awon Gida: Yadda Ake Juya Kofi Da Cokali Zuwa Kilo Da Lita

Darasinmu na wannan fitowa a kan awo yake. Abin da ya jawo shi kuwa wata hasara ce da na gani da idona.

Kwanakin baya na sauka wani ƙauye a karkarar Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi. Na tarar da wata mata mai sana'ar fanke da ƙosai tana cikin ɓacin rai. An ba ta aikin gato na bikin suna. Ɗiyarta, wadda ke karatu a Tasawa, ta samo mata bayanin haɗin cikin wayar salula, ta fassara mata shi tiryan-tiryan: fulawa kofi 2, sukari kofi 1, madara kofi 1, bota rabin kofi, ƙwai 2, hodar gato ƙaramin cokali 2. Matar ta bi, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Da aka sauke tukunya sai ga abu ya fito da nauyi kamar tubali. Ta sake, ya sake fitowa haka. Fulawa ta tafi, sukari ya tafi, gawayi ya ƙone a banza, ga kunyar masu biki.

Na ce mata: "Baiwar Allah, nuna mini kofin da kika auna da shi." Sai ta ɗauko moɗar roba ta bakin randa. Muka gwada ta da ruwa, muka ga rabin lita take ci. To, nan gizo ke saƙa. Bayanin daga Amurka ya fito, kuma kofin da suke nufi bai kai ko kwatan lita ba. Ke nan ta ninka fulawa da sukari da madara da mai, amma ƙwai yana nan 2, hoda tana nan cokali 2. Ƙwai ba ya girma don moɗa ta girma. Hodar da aka shirya ta ɗaga kwatan kilo na fulawa, ita aka ɗora wa rabin kilo. Ina za ta iya?

Dalilin bambancin awo

Mu a Nijar kilo da lita muka gada daga Faransa, wadda ta kafa wannan tsari da doka a shekarar 1795. Tsari ne mai sauƙin lissafi. Kilo 1 giram 1000 ne. Lita 1 mililita 1000 ce. Lita 1 ta ruwa kuma nauyinta kilo 1.

Amurkawa da awon Ingila na dā suka tashi. A shekarar 1824 Ingila ta gyara nata awon, ta ƙara girman galan, Amurka kuwa ta riƙe tsohon. Shi ya sa har yau galan na Amurka lita 3 da mililita 785 ne, na Ingila kuwa lita 4 da rabi da ɗan ɗori. Suna ɗaya, ciki daban. Yau matan Ingila da sikeli suke auna fulawa, da giram, kamar na Faransa. Na Amurka kuwa da kofi da cokali suke aiki. Wata malamar girki ta birnin Boston, Fannie Farmer, ita ta yaɗa wannan hanya da littafin da ta fitar a 1896, inda ta dage a kan kowane kofi da kowane cokali a shafe shi daidai baki.

Ku riƙe wannan magana ta shafewa, domin ta saɓa wa al'adarmu. A kasuwar Mayahi ko ta Tasawa, in ma'auni ya cika tiya bai yi mata tozo ba, ai rigima ce. A awon gato kuwa tozo ɓarna ne. A cika, a sa bayan wuƙa a shafe.

Yadda za ki sami kofin awo a gida

Ba sai an sayi kome ba. Ki sami butali wanda aka rubuta lita 1 a jikinsa, ki cika shi da ruwa. Ki jera kofuna huɗu iri ɗaya, ki raba ruwan har tsayinsa ya zo daidai cikin dukkansu. Kowane kofi yanzu yana da mililita 250. Kofin Amurka mililita 237 ne, wato ki kwashe babban cokali ɗaya daga ciki. Inda ruwan ya tsaya ki karce da wuƙa, ki yi alama. Wannan kofi ya zama na awo. Ki ɓoye shi, kada yara su tafi da shi rijiya.

Cokali ma haka. Ƙaramin cokali na awo mililita 5 ne, babba mililita 15. Ƙarami 3 ke yin babba 1, babba 16 ke yin kofi 1. Cokulan gidajenmu kuwa kowane da girmansa. Murfin maganin ruwa na yara yana da alamar 5 ml a jikinsa. Ki wanke shi sarai, ki auna ruwa har alamar, ki juye cikin cokulanki. Wanda ya cika daidai baki shi ne ƙaramin cokalinki.

A takarda ba kasafai ake rubuta sunan cokali duka ba. Da Turancin Ingilishi tsp na nufin ƙarami, tbsp na nufin babba. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma awon ya ninka sau uku. Da Faransanci c. à c. ƙarami ne, c. à s. babba. Ku kwafi waɗannan alamu huɗu cikin littafinku.

Kofi ɗaya, nauyi daban-daban

Kowa ya san tiyar hatsi ta fi tiyar dusa nauyi, ko da yake kwano ɗaya ne. Tiyar gero kamar kilo 2 da rabi ce, shi ya sa ake lissafa tiya 40 a buhu mai kilo 100. To, kofi ma cika yake aunawa, ba ya auna nauyi. Saboda haka ba a cewa kofi giram kaza ne sai an san abin da ke ciki. Ga waɗanda aka fi buƙata:

Fulawa, kofi 1: wajen giram 125. Kilo ɗaya kofi 8 ke nan.

Sukari na gari, kofi 1: giram 200. Kilo ɗaya kofi 5.

Bota, rabin kofi: giram 113. Shi ne abin da Amurkawa ke kira sanda ɗaya.

Madara ko ruwa, kofi 1: kwatan lita, a rage babban cokali.

In aka haɗu da oza da laba, oza 1 giram 28 ce, laba 1 kuwa oza 16 ce, wato giram 454, ƙasa kaɗan da rabin kilo.

Abu guda game da fulawa: kada a tusa kofi cikin buhu a danna. Fulawar da aka danna tana iya kai giram 150 a kofi. A motsa ta tukuna, a riƙa zubawa da cokali har kofin ya cika, sannan a shafe.

Kayan da ba mu da su

Nan ne na fi ganin ruɗani, kuma laifin harsuna ne. Akwai farin gari iri biyu da ke sa gato ya tashi. Na farko soda ce zalla, wadda kwalinta ke ɗauke da sunan bicarbonate. Ba ta aiki sai ta haɗu da abu mai tsami, kamar nono ko ruwan lemun tsami. Na biyu hodar gato ce, wadda ake kira bekin foda a Nijeriya, a kan ƴar takardarta ta Faransanci kuma an rubuta levure chimique. Ita an riga an haɗa mata sodar da tsaminta a bushe, jiƙa kawai take jira. Soda ta fi hoda ƙarfi wajen sau uku zuwa huɗu. Wadda ta zuba soda cokali 2 a gurbin hoda cokali 2, gatonta zai yi ɗaci da ɗanɗanon sabulu. Ƴar takardar hoda tana da giram 10 ko 11, kuma an shirya ta ne don rabin kilo na fulawa.

Faransanci ya ƙara dagula lamarin, domin yis na burodi da fanke shi ma levure ake ce masa. Yis abu ne mai rai, sai an ba shi lokaci ya kumbura ƙullu. Hoda kuwa da an kwaɓa sai wuta. In kin je kanti, ki faɗa wa mai kanti abin da za ki toya, kada ki tsaya ga sunan kawai.

Wasu na cewa a sa kanwa a madadin soda. Gaskiya ne danginsu ɗaya, amma ƙarfin kanwa ba ya da ƙa'ida: ta wannan kasuwa daban, ta waccan daban, ga ƙasa a ciki. A ganina a bar ta ga miya da wake.

Bayanin Ingila kan ambaci fulawa mai tashi da kanta. Fulawa ce da aka riga aka zuba wa hoda. Kina iya haɗa taki: giram 150 na fulawa, hoda ƙaramin cokali 2, a tankaɗe tare.

Akwai kuma abin da muka fi su. Bayanin Amurka yakan nemi madarar da aka cire wa mai ta yi tsami, har a can sai an je babban kanti. Wannan ai nono ne, wanda Fulani ke kawowa ƙofar gida. A auna shi daidai yadda aka ce. Jan sukarinsu kuma, mazarƙwaila dakakkiya tana tsaya masa. In babu bota a sa man gyaɗa, amma a rage kashi ɗaya cikin huɗu, domin bota akwai ruwa cikinta: rabin kofi na bota, wato babban cokali 8, ya koma babban cokali 6 na man gyaɗa. Soyayyen man shanu ma haka za a ɗan rage shi.

Tun da alkama ta yi tsada a duniya a shekarar 2022, mata da yawa ke tambaya ko garin gero zai maye gurbin fulawa. Ba duka ba. Alkama tana da wani danƙo da ke riƙe iska cikin ƙullu, gero da dawa ba su da shi. A fara da kashi ɗaya cikin biyar: kofi 4 na fulawa, kofi 1 na garin gero mai laushi. In an wuce haka da yawa, gaton zai riƙa marmashewa a hannu.

Zafin wuta

In kun ga an rubuta 350, kada ku firgita. Ma'aunin zafi na Amurka ne, wanda ruwa ke tafasa a 212 cikinsa, mu kuwa a namu 100 ne. A cire 32, a ninka sau 5, a raba gida 9. Ga shi: 350 a cire 32 saura 318, sau 5 ya zama 1590, a raba 9 ya ba da kusan 177. Ana cewa digiri 180, wato matsakaiciyar wuta. Mai gashi da tukunya da yashi da garwashi sama da ƙasa, ta barbaɗa ɗan gari a kan murfin gwangwani ta sa ciki. In ya yi ja sannu a hankali, wuta ta yi. In ya yi baƙi nan take, a rage garwashi.

Inda kuskuren awo ke taɓa rai

Gato in ya lalace, kuɗi ne suka tafi. Amma wannan moɗa ta bakin randa ita ce ake ɗauka ranar da yaro ke zawo, kuma a nan kuskuren ya fi ƙarfin kuɗi.

Garin da ake bayarwa a likita, wanda ake rubuta wa SRO a Nijar, ORS a Nijeriya, kowace takarda an rubuta yawan ruwan da za ta ci. Galibi lita 1 ne, amma akwai ƙanana na rabin lita ko ƙasa da haka. A karanta kafin a yaga. Wadda ta juye takardar lita 1 cikin moɗar rabin lita ta ninka gishirin, kuma gishiri mai yawa yana ƙara janye ruwa daga jikin yaro, har ya kai shi ga suma. Kwalbar lemo ma ba lita ba ce, yawancinsu mililita 300 ko 350 ne.

In babu garin likita kusa, ga haɗin gida da hukumar UNICEF ke koyarwa kafin a kai yaro: tsabtataccen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe. Ku lura, ƙaramin cokali aka ce, mai mililita 5. Wanda ya ɗauki babba ya ninka gishiri sau uku. A ɗanɗana kafin a ba yaro: kada ya fi hawaye gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi mama, kuma abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14, ita ma a likita ake samunta. Yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da kome, ko idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, a tafi da shi likita ba tare da jira ba.

Aikin gida

Ku yi waɗannan cikin littafinku, ku nuna wa malaminku. Amsa za ta zo a fitowa ta gaba.

1. Bayani ya ce fulawa kofi 6, sukari kofi 2 da rabi. Giram nawa na kowane za ki saya a kanti?

2. Bayani ya ce bota kofi 1, ke kuwa man gyaɗa gare ki. Babban cokali nawa za ki zuba?

3. Moɗarki rabin lita take ci. Moɗa nawa ta ruwa za ki zuba wa takardar SRO ta lita 1?