DARASI: Tsirar da masara a faranti don ciyar da dabbobi da rani

Duk mai tumaki ko awaki a Gwarzo, Kabo ko Getso ya san halin da ake shiga daga watan Maris zuwa faɗuwar damina: ciyawa ta bushe, harawa da dusa sun yi tsada, dabba tana ramewa a kan idonka. Yau za mu duba hanyar samun ɗanyar ciyawa cikin kwana 7 zuwa 8, ba gona, ba taki, ba ƙasa. Hatsi ne da ruwa kawai.

KAYAN AIKI
Masara mai kyau wadda ƙwari ba su ci ba, farantan roba da aka huhhuje gindinsu, bokiti, buhun algarara, da rumfa mai inuwa wadda iska ke ratsawa. A jera farantan a kan katako, a ɗan karkata su don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

YADDA AKE YI
1. A wanke masarar, a kwashe duk wadda ta taso saman ruwa.
2. A jiƙa ta awa 12 zuwa 24, sannan a tsane.
3. A zuba a jiƙaƙƙen buhu kwana 1 zuwa 2 har ta fara fidda saiwa.
4. A shimfiɗa a faranti, kaurinta kada ya wuce yatsa biyu.
5. A yayyafa ruwa sau 3 zuwa 4 a rana. Yayyafi fa, ba ambaliya ba.
6. A kwana na 7 ko 8 sai a naɗe ta kamar tabarma, a yayyanka a ba su duka, har saiwar.

In kana da faranti 8, kullum ka shuka ɗaya, to bayan mako guda kullum kana da girbi.

LISSAFIN GASKIYA
Kilo 1 na masara yana ba da kilo 5 zuwa 6 na ciyawa. Amma kada wani ya ce maka abinci ya ninka sau shida. Kusan kashi 85 cikin 100 na nauyin nan ruwa ne. Ka cire shi daga kilo 6, abin da ya saura bai cika kilo 1 ɗin da ka zuba ba, domin tsiron ya ƙone wani ɓangare na sitacin ƙwayar. Ribar ita ce ɗanyen ganye da bitamin a lokacin da babu kore ko'ina, ga daɗin ci. Saboda haka ƙari ce a kan harawa da dusa, ba madadinsu ba. Kafin ka fara, kwatanta kuɗin kwanon masara da na damin harawa a kasuwarku.

WA ZA A BA?
Tumaki da awaki: a fara da cikin hannu, a riƙa ƙarawa a hankali har kilo 1 zuwa 2 a rana, don gudun zawo.
Kaji: tsiron kwana 4 ya fi musu, kaɗan bayan sun ci abincinsu. Kajin ƙwai da na nama in ka rage musu abinci saboda wannan, ƙwai da nauyi za su ja baya.
Tarwaɗa: kada ma ka gwada. Abinci mai furotin sosai take buƙata.

GARGAƊI UKU
Na farko, irin shuka da aka cakuɗa da magani, mai launin ja ko ruwan hoda, guba ne ga dabba.
Na biyu, ku guji dawa. Tsironta yana ɗauke da irin gubar nan da ke sa gyauron dawa kashe dabbobi.
Na uku, fumfuna. Zafin Afrilu da ruwa mai kwanciya su ke kawo ta. In ka ga baƙi ko kore a gindin tabarmar, ko ka ji warin tsami, zubar da farantin gaba ɗaya, ka wanke shi tas ka shanya a rana. Asarar kilo ɗaya ta fi asarar rago sauƙi.

Fara da faranti biyu, hannunka ya saba tukuna. Allah ya sa albarka a kiwonmu, amin.