Yadda masu kallon taurari na sa-kai suka taimaka wa kumbon Deep Impact a kan tauraruwa mai wutsiya

A ranar 4 ga Yulin 2005, da misalin ƙarfe 6:52 na safe agogon Najeriya da Nijar, saƙo ya iso duniya cewa wata na'ura mai nauyin kilo 370 ta yi karo da tauraruwa mai wutsiya da ake kira Tempel 1, a nisan da ya haura kilomita miliyan 130. Da gangan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta shirya karon, a wani aiki mai suna Deep Impact da ya ci kimanin dala miliyan 330. Manyan madubban hangen nesa na sararin samaniya, irin su Hubble da Spitzer da Chandra, duk an karkata su can. Duk da haka, tun shekaru kafin a harba kumbon, masu aikin suka nemi taimakon mutanen da ke kallon sama daga bayan gidajensu da ƙananan na'urori, ba don albashi ba. Dalilin wannan roƙo darasi ne ga duk mai waya da ke son ɗaukar hoton sama.

Mene ne aka je dokawa?

Tauraruwa mai wutsiya dai suna ne kawai, ba tauraruwa ba ce. Curi ne na ƙanƙara da ƙura da duwatsu da ke zagaya rana. Idan ya matso kusa da ita, zafi yakan mayar da ƙanƙarar iska kai tsaye, iskar ta kwashi ƙura ta yi hazo a kewayensa, daga hazon nan kuma wutsiya ke fita. Wani Bajamushe, Wilhelm Tempel, ne ya gano wannan a 1867 daga birnin Marsai na Faransa. Tsawon curin bai kai kilomita 8 ba, kuma a wancan lokaci yana kammala zagayen rana cikin shekara biyar da rabi.

Masana na son sanin abin da ke ƙarƙashin ɓawon, domin a can ne ake sa ran samun kayan da rana ba ta gasa ba tun shekaru biliyan 4.5 da suka wuce. Tawagar Michael A'Hearn na Jami'ar Maryland ta zaɓi hanya mafi sauƙi: a fasa a gani. An harba kumbon a ranar 12 ga Janairun 2005. Kwana guda kafin karon ya saki na'urar dukan a kan hanyar curin, ya kauce gefe yana ɗaukar hoto. Babu bam a cikinta. Gudun kilomita 10.2 a daƙiƙa ɗaya kaɗai ya isa ya ba da ƙarfin da ya kusa tan biyar na nakiya. An yi kusan rabinta da jan ƙarfe, saboda ba a tsammanin samun jan ƙarfe a jikin irin waɗannan curarruka, don haka ba zai rikita na'urorin da ke tantance sinadarai ta hanyar haske ba.

Gibin da kuɗi ba ya cikewa

Kumbon wucewa ya yi, bai tsaya ba. Kimanin minti 13 ya samu yana kallon wurin bayan karon, sannan ya juya garkuwarsa don ratsa ƙura a nisan kilomita 500 daga curin. Su kuwa manyan madubban hangen nesa layi ake bi, masani kan rubuta takardar nema watanni kafin lokaci a ba shi dare ɗaya ko biyu. Babu wanda zai ware irin wannan na'ura ta yi watanni tana kallon abu guda.

Amma ba a iya cewa hasken tauraruwar ya ƙaru saboda duka sai an san yadda yake kafin dukan. Likita ma bai iya cewa hawan jinin mutum ya tashi idan bai taɓa auna shi ba. Ga kuma wani abu: Tempel 1 kan yi aman ƙura da kanta lokaci-lokaci. A watan Yunin 2005 kaɗai an ga irin wannan a ranakun 14 da 22, tun ba a taɓa ta ba. Wanda ya duba ta dare ɗaya tak zai iya ɗaukar halinta na kullum a matsayin aikin NASA.

Wannan ne ya sa aka buɗe shirin ƙananan madubban hangen nesa, inda ƙwararrun 'yan sa-kai da ɗalibai ke turo hotunan da suka ɗauka da kyamarorin CCD. Sun turo sama da dubu. Abin da aka nema su sa wa ido shi ne yawan ƙurar da ke fita, girman hazon, siffar wutsiyar, da duk wani ƙarin haske na ba-zata. Hoto ɗaya daga cikinsu bai kama ƙafar na Hubble ba, amma jerinsu na dare bayan dare babu babbar na'urar da ke da shi.

Juyawar duniya ma ta shigo ciki. A lokacin karon gari ya riga ya waye a Afirka da Turai, saboda haka babu wanda ya gani daga nan. A Kalifoniya ƙarfe 10:52 na daren 3 ga wata ne, a tsibirin Hawai kuma bayan faɗuwar rana kaɗan. Ɗaliban makarantu a Hawai sun sarrafa madubin Faulkes mai faɗin mita biyu ta intanet, suka shiga sahun farko na waɗanda suka samu hoton abin da ya faru. Da rana ta fito musu, sai masu kallo a wasu nahiyoyin suka karɓa, tamkar masu gadi da ke canjin aiki.

Yadda ake auna haske

Masana taurari na da ma'aunin haske da ke tafiya a juye: gwargwadon girman lamba, gwargwadon dushewar abu. Ido a wuri mai duhu sosai yakan tsaya a mataki na 6. Kowane mataki ɗaya ninki biyu da rabi ne, matakai biyar kuma ninki 100 cif. Tempel 1 tana wajen mataki na 10, wato ta fi abin da ido ke iya gani dushewa kusan sau 40. Wani ɗan sa-kai ya ba da rahoton ƙarin matakai biyu bayan karon, kimanin ninki shida ke nan.

Mai kallo da ido yana da wata dabara. Tauraruwa ɗigo ce, mai wutsiya kuwa hazo ne, don haka sai ya karkatar da saitin madubinsa har taurarin kusa, waɗanda aka san haskensu, su baje su kai girman hazon, sannan ya kwatanta. Mai kyamara shi kuma hotuna da yawa yake ɗauka ya jera su a kwamfuta ya haɗe. Hasken gaske yana nan a wuri ɗaya a kowane hoto, dattin sensa kuwa canja wuri yake, saboda haka haɗa hoto 100 kan inganta tsabtar sakamakon sau goma. Da yake tauraruwa mai wutsiya tana matsawa a tsakanin taurari, a kanta ake daidaita hotunan, shi ya sa taurarin ke fitowa kamar zare.

Abin da aka gano

Ƙurar da ta tashi ta fi yadda aka zata yawa da laushi, kamar hodar shafawa, har ta rufe ramin kumbon bai gan shi ba. Sai a Fabrairun 2011 wani kumbon, Stardust, ya bi ta wurin ya ɗauko hoton rami mai faɗin kusan mita 150. Daga ƙasa kuwa, rahoton haɗin gwiwar da Karen Meech ta Jami'ar Hawai ta jagoranta ya nuna cewa zuwa 9 ga Yuli, kwana biyar kacal, ba a iya bambanta halin tauraruwar da na kafin karon. Dukan bai buɗe wata sabuwar kafa mai ɗorewa ba. Wannan hukunci ya dogara ne kacokan a kan sanin halinta na baya.

Ina waya ta shigo?

Haɗe hotunan nan da 'yan sa-kai suka yi da hannu a 2005, shi ne abin da tsarin hoton dare na wayoyin yanzu ke yi cikin daƙiƙu kaɗan. Da shi mutane suka ɗauki NEOWISE a Yulin 2020 da Tsuchinshan-ATLAS a Oktoban 2024. Abu mai dushewar Tempel 1 dai ya fi ƙarfin kyamarar waya ita kaɗai, sai an haɗa ta da madubin hangen nesa.

Sai dai hoto mai kyau daban, hoto mai amfani ga awo daban. Manhajar kyamara kan goge datti, ta ƙara kaifi da launi, wani lokacin ta shafe taurari marasa ƙarfi a zaton datti ne. Hoton ya yi kyau a Instagram, amma lambobin hasken da ke cikinsa sun tashi daga aiki. WhatsApp ma kan matse hoto ya cire bayanansa idan ba a tura shi a matsayin fayil ba. Mai son hotonsa ya amfani wani sai ya ɗauka a tsarin RAW idan wayar na da shi, ya kafa ta a kan abin da ba ya motsi, ya bar taurarin kewaye a cikin hoton domin da su za a kwatanta, ya kuma ajiye asalin fayil ɗin ba tare da tacewa ba. Lokaci a rubuta shi da agogon UTC, wanda ke bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, tare da wurin da aka tsaya da yanayin sama, musamman idan akwai ƙurar hunturu ko farin wata. Manhajar Stellarium kyauta ce a kwamfuta, tana da ta waya, kuma tana nuna inda za a duba. Rumbun COBS da ke Sulobeniya yana karɓar awon hasken taurari masu wutsiya daga 'yan sa-kai na ko'ina a duniya, kuma kowa na iya buɗe shi ya ga yadda ake rubuta rahoton.